Ɓarawon da Ya Yi Alwala

Ran Litinin da la'asar aka je aka ɗauko Baba Boukari daga tashar bas ta tsakiyar Greensboro, inda yake wanke motoci, ko takalmin robar bai samu ya cire ba. An yi sata a ɗakin Rachida, in ji wanda aka aiko, kuma Alhaji Badaru, shugaban 'yan Nijar na garin, ya ce ya zo ya duba ƙasa.

Boukari ya bi ɗan aiken suka shiga mota. Shekara talatin ya yi yana bin sawun raƙuma da ɓarayinsu a arewacin Dakoro. Ya san takun wanda ya gudu da na wanda ya tafi a natse, ya san taguwa mai ciki daga yadda take danne rairayi. Shekara shida ke nan da zuwansa Amurka, ba wanda ya taɓa ce masa ya duba ƙasa, don babu ita. Kwalta ce da siminti, sai ciyawar da ake yi wa aski duk mako.

Ya tarar da mutane cike da baranda, kowa na magana ƙasa-ƙasa yana satar kallon na kusa da shi. Ba wanda ya ambaci 'yan sanda. A benen nan ɗaki goma sha biyu ne, tara na 'yan Nijar, rabinsu kuwa bizarsu ta daɗe da mutuwa. In mota mai jiniya ta tsaya a ƙofa, ba ɓarawo kaɗai za ta tafi da shi ba.

Rachida na zaune a bakin ƙofarta, ta cire gilashinta tana murza shi da gefen mayafi. Ɗiyar abokinsa ce da ya rasu, tana karatun tarihi a jami'a.

"Wa ya shiga bayanki?" ya tambaye ta.

"Ba kowa, Baba. Na je gaban tebur na dawo, ƙafata ta ƙi ɗaukata."

"Madalla da ƙafar. Me aka ɗauka?"

Takarda ce guda ɗaya, kuma ba tata ba ce. Ta wani tsoho ce mai suna Eli, baƙar fata ɗan Amurka, ɗan shekara tamanin da ɗaya, da ke zaune a East Greensboro. Mutanensu daga bakin teku suka taso, kuma takardar daga kaka zuwa jika take tafe cikin wani ɗan gwangwanin taba, ba wanda ya iya karanta ta. Da Rachida ta gani ta gane rubutun Larabci ne irin na wanda ya yi makarantar allo. Tsohon ya ba ta aro na mako guda, ran Alhamis za ta mayar. Ya hana a sa ta a injin kwafi.

"Jiya na kai wa Alhaji ya karanta mini," ta ce. "Ban san za a taru a gidansa ba. Addu'a ake yi wa Tassiou, mijin Oumou maƙwabciyata, wanda zai shiga kotun shige da fice a Atlanta gobe Talata. Da aka shafa sai Alhaji ya ce bari kowa ya ji."

"Me ta ce, takardar?"

Nan fuskar Rachida ta ɗan saki, kamar yadda take yi duk sa'ad da aka taɓo karatunta. Wanda ya rubuta bawa ne da aka ɗauko daga ƙasashenmu, wajen shekara ɗari uku da suka wuce. 'Yan fashin teku suka tare jirgin da yake ciki, suka ga yana da ƙarfi, suka haɗa shi cikinsu. Da jirginsu ya fashe, su arba'in suka faɗa wani tsibirin yashi da ba kowa. Ya rubuta yadda suka rayu: a duba inda ciyawa ta fi duhu, a haƙa, a binne gangar da aka cire wa gindi, ruwan daɗi zai taru a sama, amma in aka zurfafa sai a tarar da gishiri. A kife kunkurun teku a bayansa, zai yi kwanaki da rai ba ya zuwa ko'ina. A yanka nama siriri a shanya bisa hayaƙi. Akwai awakin da wasu 'yan fashi suka saki tun da daɗewa don su hayayyafa, ba a yanka mace. Tawadar ma ya faɗi yadda ya yi ta, gawayi da ƙaro. Daga ƙarshe cuta da faɗa suka cinye su, shi kaɗai ya fita.

"Gaban takardar ke nan. Bayan ya dushe, idon Alhaji bai kama ba, sai 'ni ne' kawai ya iya gani. Sunansa ne da sunan garinsu, Baba. Jibi za a ba ni wata fitila a jami'a mai fito da tsohon rubutu. Shi tsohon bai damu da kunkuru ba. Ya ce yana so ya ji sunan kakansa kafin ya mutu." Ta mayar da gilashin. "Na ce masa amana ce. Har na fassara masa kalmar."

Boukari ya tambayi makulli. A cikin tsohon takalmi yake kwana a bakin ƙofa, kamar na kowa a benen, kuma kowa ya sani.

Ya cire takalmin robar, ya leƙa ciki, sai ya tsaya. Rachida ta bi kafet da injin shara kafin ta fita da safe, gashinsa ya kwanta layi-layi kamar rairayin da iska ta gyara. Ya sa aka ɗage labulen yamma, rana ta shigo a karkace, ya durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara, amma ƙirjinsa ya yi wani sanyi da ya manta da shi.

Ga sawun Rachida da safa, zuwa da dawowa. Ga wani kuma, ƙafa tsirara, ƙarama, mai nauyi a dunduniya. Bai nufi tebur ba. Banɗaki ya fara shiga, kuma da ya fito ƙafar a jiƙe take, don gashin kafet ya manne ya bushe a kwance. Buta na ƙasa, ba inda Rachida ke ajiye ta ba. Gwangwanin tabar kuma an rufe shi, an ɗora shi can saman kanta, sama da duk littattafai.

A gaban tebur ne ya ga abin da bai gane ba. Ƙafafun sun tsaya a ware, amma ba su tsaya cik ba. Dama ta nutse, hagu ta nutse, dama, hagu, har kowace dunduniya ta haƙa ɗan rami mai kama da jinjirin wata. Ya daɗe yana kallo. Ya ga sawun mai tsoro, ya ga na mai jin fitsari, ya ga na maye. Wannan bai taɓa gani ba.

"To?" in ji Alhaji Badaru daga ƙofa.

"Ɓarawonku ya yi alwala," Boukari ya ce. Sauran ya bar wa cikinsa.

* * *

Washegari ya fara da Chaïbou, don sunansa aka fi raɗawa. Yana da ɗan kanti inda yake sayar da katin waya da garin rogo da busasshiyar kuɓewa, kuma an ji shi ran Lahadi yana cewa Turawa na hauka a kan irin wannan tsohon kaya.

"A'a, kwamishina da kansa," in ji Chaïbou. "Zauna, tsoho. Ka zo kama ni ne ko ka zo cin kilishina kyauta?"

"Duka biyun. Ina kake jiya da safe?"

"Nan, ni da kuɓewa. Tambaye ta." Ya miƙo masa kilishin. "Bon, na faɗa, ban musa ba. Amma ni abin da ya tsaya mini ba shi ba ne. Ka ji abin da yarinyar ta ce? Wai 'yan fashin nan iri biyu ne. Akwai wanda sarkin Turawa ya ba takarda ya je ya tare jiragen abokan gaba, shi in ya dawo sai a yi masa fati. Akwai wanda ba shi da ita, shi sai igiya. Aiki ɗaya, teku ɗaya. Na ce ashe tun can haka suke. Ni da Tassiou rana ɗaya muka sauka New York, ni na ci cacar biza na samu katin zama, shi yau yana gaban alƙali."

Boukari na tauna yana kallon ƙasa. Ƙafar Chaïbou kamar faranti take, ta cika silifas ta zubo. Kuma ko a Juma'a sai an tuna masa alwala.

Daga nan ya hau bas zuwa Elm Street, inda Muntari ke zama a wani gidan shayi da tarin littattafai. Ɗan Kano ne, yana digiri na uku, ɗan ƙaramin mutum mai tsabta, kuma kowa ya san sun yi cacar baki da Rachida don ya ce shi ya fi cancanta ya yi aiki a kan takardar.

"Baba, na san abin da ake faɗa," ya ce tun kafin a gama gaisawa. "Ni kaɗai ne ɗan Najeriya a wurin, so it has to be me, dole a ce ni ne."

"Ka so takardar?"

"Wallahi na so ta. Har yanzu ina so. Amma in na sace me zan yi da ita? Ba zan iya rubuta layi ɗaya a kanta ba sai an tambaye ni inda na samo. Ƙarshen karatuna ke nan."

"Jiya da safe?"

"Ina ɗakina ina barci. Ba ni da shaida, sai ƙarar firij."

Ƙafarsa ƙarama ce, ta yi daidai. Boukari ya sa shi ya je ya karɓo masa sukari don ya ga tafiyarsa. A kan yatsu yake tafiya, da sauri, kamar zabo. Ba nauyi a dunduniya. Amma kafet ba rairayi ba ne, kuma idon ɗan shekara sittin da bakwai ba na ɗan arba'in ba ne. Bai iya rantsuwa ba.

"Da za ka ɗauke ta, za ka yi alwala?"

Muntari ya dube shi da mamaki. "Don me? Ba Alƙur'ani ba ce, Baba. Bayanin haƙa rijiya ne da gasa kunkuru. Safar hannu zan sa."

A tashar bas aka gaya masa labarin Atlanta. Alƙali ya ce Tassiou ya koma gida, kuma ba a bar shi ya fito ba, daga kotun aka wuce da shi.

* * *

Ran Laraba bayan la'asar aka taru a gidan Alhaji Badaru a Pleasant Garden, motoci jere a kan ciyawa. Zama biyu aka haɗa, jajen Tassiou da maganar takarda, don mutane ba su da hutun aiki biyu. Maza a falo, mata daga ƙofar kicin. Muntari ya zo da kansa, ya zauna shi kaɗai a kujerar da ba wanda ya matso kusa da ita.

"Malam Boukari, muna saurare," in ji Alhaji. "Gobe Alhamis."

"Ban gama ba, Alhaji."

"Me ya rage?" wani ya ce daga baya. "Ƙafa kake nema. Ga ta nan cikin safa mai tsada."

Aka yi 'yar dariya marar daɗi. Wani ya ce a je a bincike ɗakin Muntari. Wani ya ce a rubuta wa jami'arsu. Rachida na tsaye jikin bango, ba ta kallon kowa.

Boukari ya sunkuyar da kai, don kallon ƙasa ya fi masa sauƙi fiye da kallon mutane. Matar Alhaji ta share kafet saboda baƙi. Can gefe, inda ba a tattake ba, Oumou ta shigo da tiren shayi ta ajiye. Yarinya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba, idonta ya kumbura, ɗiyarta 'yar wata bakwai na goye a bayanta. Jaririyar ta fara ƙananan kuka. Oumou ta ware ƙafa, ta soma jijjiga ta, dama, hagu, dama, hagu, hankalinta na wani wuri. Da ɗiyar ta yi shiru sai ta koma ƙofar kicin.

Ta bar jinjirin wata biyu a kafet.

Shekara talatin Boukari yana bin maza da dabbobi. Matarsa ta goya 'ya'ya bakwai a gabansa, bai taɓa duban abin da ƙafarta ke yi wa ƙasa ba.

Ya so ya yi shiru. Ya auna abin sosai, ya ga zai iya cewa idonsa ya tsufa, a tashi. Amma an riga an fara neman makullin motar da za a je ɗakin Muntari.

"Ku zauna," ya ce. Bai ɗaga murya ba, amma aka zauna. "Oumou, ɗiyata, matso. Ran Litinin, kafin Tassiou ya kama hanya, me kika ba shi ya sha?"

Ba ta yi musu ba. Ta tsaya kamar wadda ta daɗe tana jiran a tambaye ta. Sannan ta sa hannu cikin jakarta ta fito da wani ɗan littafin addu'o'i, ta buɗe tsakiya. Takardar na ciki. Ta yamutse kamar ganyen da ya bushe, launin ƙasa-ƙasa, da wani dishi-dishi na toka a gefe ɗaya. Babu harafi ko ɗaya, gaba da baya.

Rachida ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa.

"Alhaji ya ce su arba'in ne, shi kaɗai ya fita," in ji Oumou, muryarta a bushe. "Na ce duk abin da Allah ya ba shi, yana cikin rubutun. Lauya ya ce ba abin da zai iya. Gefe ɗaya na so in wanke, wallahi, layi biyu, in mayar kafin ta dawo. Ina sa ta cikin kwano sai duk ta narke. Kamar jira take."

"Ba addu'a ba ce, ke," Alhaji ya ce. "Ba ki ji ba? Ganga ce da awaki."

"Da bisimilla ka fara, Alhaji. Kuma ka sumbace ta da ka gama."

Boukari ya san rabin mutanen falon nan da rubutun sha aka yaye su, har da shi. Kafin ya je neman biza a Yamai, kwano guda ya shanye.

Daga nan magana ta juya, da saurin da ya ba shi kunya. Ba wanda ya ba Muntari haƙuri, sai dai aka daina kallonsa. Aka ce yarinya ce, ga miji an tafi da shi, ga goyo, ita ma ba takardu. Aka ce in tsohon nan ya kai ƙara, benen gaba ɗaya ya shiga uku. A ce masa bututun ruwa ne ya fashe. A haɗa masa wata kyauta, darduma ko agogo.

"Rachida, ke ce mai Turanci," in ji Alhaji. "Ki san yadda za ki faɗa masa. Ki rufa mana asiri."

"Na kawo maka ita don ka karanta mini ni kaɗai, Alhaji," ta ce.

"An yi, an gama. Ƙaddara ce."

Ta dubi Oumou. Sun yi shekara uku ƙofa da ƙofa, ita ta kai ta asibiti ran haihuwa. "Da kin tambaye ni, da na kwafe miki gaban da hannuna, ki wanke har ki gaji."

"Da kin ce camfi ne," in ji Oumou.

Rachida ba ta ce ba haka ba ne.

* * *

Da hantsin Alhamis Boukari ya ƙi zuwa aiki, ya raka ta. Ba wanda ya sa shi, kuma ba wani da ya ce zai zo.

Gidan Eli ƙarami ne, fari, da kujerar lilo a baranda. Tsohon ya sa kwat da laktaye. A kan tebur ya ajiye Baibul na gidansu a buɗe a shafin farko, inda aka jera sunayen iyaye da kakanni da tawada iri-iri. Can sama an bar layi ɗaya ba komai. Alƙalami na gefe, an cire masa murfi.

Rachida ba ta yi maganar bututu ba. Boukari ba ya jin Turanci sosai, amma ya ji ba ta ambaci sunan kowa ba, ya kuma ga hannunta na kwatanta kwano, da wankewa, da sha. Ta yi bayanin ganga da kunkuru da awaki, duk abin da ta riƙe. Sannan ta buɗe gwangwanin ta tura masa.

Eli ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da taga. Ya juya bayanta. Ya daɗe a haka, har Boukari ya fara jin ƙarar agogon bango. Da ya yi magana, ba Rachida ya duba ba, tsoho ɗan'uwansa ya duba.

"Yana tambaya," in ji Rachida, "wai can inda kakansa ya fito, haka ake yi? A sha rubutu?"

"Ce masa haka ake yi. Ce masa shi ma wanda ya rubuta, da ya ga kwanon, zai gane."

Ta faɗa. Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba abu kaɗan bayan ya zo karɓar mai yawa. Ya sake tambaya, gajeriya.

Boukari ya juya ga Rachida.

"Me ya ce?"

"Ya ce, mutumin da ya sha, an bar shi ya zauna a ƙasar?"

Boukari ya nemi Turancinsa na tashar bas, ya ga wannan kam yana da ita.

"No," ya ce.

Eli ya mayar da takardar cikin gwangwani, ya rufe. Ya ɗauki alƙalamin, ya nemi murfinsa a kan tebur, sai da ya gwada sau uku kafin ya shiga.